Fandeshan na narkewa, fuska na yaji: kwalliyar zuwa aiki a zafin Sakkwato

"Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce a Mabera, shekarata 26. Ina fita bakwai da rabi na safe bisa kabu-kabu, in dawo wajen ƙarfe biyu. Fuskata mai maiƙo ce, ga ƙuraje a goshi da haɓa, kowanne ya mutu sai ya bar baƙin tabo. Ina wanke ta da sabulun salo sau huɗu a rana, wani lokaci da lemun tsami. Wata huɗu ke nan ina shafa wani man haɗi da na saya a roba marar suna. Da farko na yi haske, yanzu kuwa in na kwana biyu ban shafa ba sai fuskar ta yi ja, ta riƙa yaji, ƙuraje su feso. In na yi fandeshan da hoda, kafin sha ɗaya sun narke sun ɓata mani hijabi, in na yi alwala kuma fuskar ta zama dabbare-dabbare. Don Allah ki ba ni tsarin da zan bi kullum, wanda bai fi ƙarfin albashina ba."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin zo da tambayar kwalliya, amma yawancin abin da kika bayyana ciwon fata ne, kuma shi za mu fara dubawa. Narkewar fandeshan ƙaramar magana ce, cikin mako guda ana gyara ta. Jan nan da yajin da kike ji in kin bar man haɗin, su suka tayar mani da hankali. In na tattara maganarki, abu biyu kike nema: fatar da ta lafa, da kwalliya mai sauƙi da za ta kai ki daga bakwai da rabi zuwa Azahar ba ta zube ba. Na biyun ba ya samuwa sai na farko ya samu. Hoda da fandeshan bisa fata suke zama, tamkar shafen siminti ne a jikin bangon da ke jiƙe, komai kyawun simintin sai ya ɓamɓare.

Ki kuma tuna garin da kike. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma zafi yana ƙara zufa yana ƙara kwararar maiƙo. Da damina iska na da laima, zufar ba ta bushewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, iska busasshiya mai ƙura tana zuƙe ruwan fata. Kwalliyar da kike gani a waya, yawancinta a ɗaki mai sanyi ake yin ta, gaban fitila, don hoto. Ta amare ma haka take, ta awanni ce kaɗan, amaryar na zaune ana yi mata fifita. Ke kuwa kina bisa babur cikin rana, sannan kina tsaye gaban allo awa shida. Wannan kwalliyar ba don ke aka tsara ta ba.

Man haɗin nan

Ban ga robar ba, kuma da ido ba a gane abin da ke cikin man da ba shi da takarda. Amma alamun da kika lissafa, haske cikin gaggawa, sannan ja da yaji da fesowar ƙuraje da zarar an bari, alamu ne da muka saba gani ga waɗanda man shafawarsu ke ɗauke da sinadarin sitiroyid. Su ne 'yan tiyub ɗin nan da ake matsewa cikin mai, irin su kulobetasol da betametason. Asalinsu magunguna ne na ciwon fata mai tsanani, likita ke rubuta su na kwanaki ƙalilan, kuma masu ƙarfinsu ba na fuska ba ne. Suna tsuke ƙananan jijiyoyin jini suna danne kumburi, shi ya sa fuska ke yin haske da santsi a makonnin farko. Da tafiya ta yi nisa sai fatar ta sirance, jijiyoyi su fito ja-ja a kumatu, ƙuraje ƙanana masu kai ɗaya su cika goshi, wani lokaci gashi ya ƙaru a gefen fuska. In an daina, jijiyoyin da aka tsuke sai su buɗe gaba ɗaya, shi ne jan da zafin. Mai shafawa ta firgita ta koma ga man, ta ga sauƙi, ta ɗauka man ne maganinta, alhali shi ne ciwon.

Abokan tafiyarsa biyu ne. Akwai haidurokwinon, wanda hukumar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a kayan shafa ba, amma mai haɗi a gida ba ta da ma'auni. Daɗewa a kansa yana kawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi bisa ƙashin kumatu, irin wanda ake cewa mai ya ƙona mace, kuma yana cikin tabban da suka fi wuyar magani. Akwai kuma zaiba, wadda ke ratsa fata ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, ta kuma kai ga ɗan da ke ciki. Wadda ke shafa sitiroyid jiki duka kuwa, bayan nankarwa mai faɗi da ba ta gogewa, tana iya jawo wa kanta hawan jini da ciwon suga.

Ba zarginki nake ba. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan sa haske, kuma da yawa ba su san bilicin suke ba, an dai ce masu man gyaran fata ne ko na cire tabo. Abin da za ki yi shi ne: kada ki ƙara saye, kada ki canza zuwa wani haɗin, ki ɗauki robar ki je wurin likitan fata. Wata huɗu lokaci ne mai tsawo. Wasu likitocin kan sa a tsaya kai tsaye, wasu kan saukar da mutum a hankali zuwa magani marar ƙarfi, kuma wanda ya duba fuskarki ne zai yanke wannan, ba ni ba. Ki shirya wa makonni masu wuya, wani lokaci har watanni. Fuskar za ta yi ja, ta yi ɓawo, launinki na asali zai dawo, wani wurin ma ya fi na da duhu kafin ya daidaita. In yajin ya taso, ki jiƙa tsabtataccen ƙyalle da ruwan randa mai sanyi ki ɗora minti 10. A nan ne mata da yawa ke karaya su koma, don haka nake gaya maki tun yanzu.

Wanke fuska

Sau biyu a rana ya isa, safe da dare. Ruwan alwala sau biyar yana nan yana ɗauke zufa da ƙura, ba ya buƙatar sabulu. Fata tana da ɗan tsami-tsami na halitta, a ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami ya fi yawa, tana kusa da 5, shi ke taimaka mata riƙe danshi da korar ƙwayoyin cuta. Sabulun salo da toka ake yin sa, yana can wajen 9 zuwa 10. A jiki yana da kyau ga mai jure shi, amma sau huɗu a fuskar da ta riga ta sirance, kankare ta kike. Kuma maiƙon ba zai ragu ba, don sinadaran jiki da zafi ke tafiyar da shi, cikin awa biyu zai dawo. Abin da kike samu kawai fuska mai ƙyalli a sama, mai ɗaurewa da gautsi a ƙasa. Maiƙo daban, danshi daban, fata na iya malalar da mai alhali tana ƙishin ruwa.

Lemun tsami ki bar shi gaba ɗaya. Tsaminsa yana wajen 2 a wannan ma'aunin, kuma yana da sinadarin da in rana ta same shi bisa fata yakan ƙona ta ya bar baƙin shaci. Haka man goge baki da bakar hoda ta yin kek da ake ɗorawa bisa ƙurji, da dirzar fuska da suga ko soso. Dilka da halawa ma ki ɗage su daga fuska har ta warke.

Ki nemi sabulun ruwa na fuska marar turare, wanda aka rubuta na fata mai saurin jin ciwo ne. Ki ɗiga kamar girman ƙwayar gyaɗa, ki murza da tafin yatsu daƙiƙa 30 zuwa 60, ki ɗauraye da ruwan da ba zafi. Lokacin bazara ruwan tanki kan yi zafi kamar an dafa, ki ɗebi na safe ki ajiye a inuwa. Gwajinsa mai sauƙi ne: in minti 5 bayan wanki kin ji fuskar ta ɗaure, sabulun ya yi maki ƙarfi. Ki tsane da tawul na fuska kaɗai, dannawa ba gogewa ba.

Tun fuskar na da ɗan laima ki shafa mai. Mai maiƙon fuska ma tana buƙatarsa, sai dai mai ruwa-ruwa ko na jel, mai gilisarin ko seramayid, girman ƙwayar wake biyu. Man kaɗe da basilin suna da kyau a leɓe, gwiwar hannu da dunduniya, kuma a makonnin da fuskar ke ɓawo za ki iya ɗora ɗan basilin da dare a wurin da ya tsage kaɗai. Man kwakwa ki nisanta shi da fuskarki, yana toshe ƙofofin gashi ga masu ƙuraje.

Man kariyar rana

Wannan ne abin da matanmu suka fi rainawa, kuma shi ne rabin maganin tabo. Baƙar fata tana da kariya ta halitta daga ƙunar rana, gaskiya ne, amma tana da saurin yin tabo: duk inda ya ji ciwo sai ya tara launi, rana kuma ta ƙara masa duhu. Ki sha wuyar watanni kina maganin tabo, tafiya biyu bisa kabu-kabu da tsakar rana ta mayar da ke baya. Fatar da ta fito daga man haɗi kuwa ta fi kowace rauni gaban rana.

Ki sayi wanda aka rubuta SPF 30 ko 50, wato ma'aunin ƙarfin kariyarsa. Na 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, na 50 kusan 98, don haka kada tsada ta sa ki fasa, na 30 ya wadatar in an shafa isasshe. A nan ne ake kuskure. Adadin fuska da wuya shi ne layi biyu, ki zuba tsawon manuniya da tsawon ɗan tsakiya, daga tushe zuwa kai. In ya yi yawa a shafa ɗaya, ki raba biyu da minti 2 tsakani. SPF ɗin da ke cikin fandeshan ko hoda ba ya maye gurbinsa, don ba wadda ke shafa fandeshan mai yawan haka. Masu sinadarin zinki sun fi sauƙin yaji ga fatar da ta ji ciwo, illarsu suna barin fari-fari bisa fatarmu. Mafita ita ce ki nemi mai ɗan launin ƙasa a ciki. Irin wannan yana da riba biyu: launin yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma ke ƙara duhun tabo ga baƙar fata, kuma yana daidaita fuska har wata ba ta buƙatar fandeshan. Da bazara, in man kariyar yana da laushi, kina iya tsallake man safe ki shafa shi kaɗai. Kada ki bar kwalbar a rana ko cikin mota, zafi na lalata shi.

Ƙuraje da tabo

Makonni huɗu na farko, ko har yajin ya tafi, abu uku kawai: wanki, mai, kariyar rana. Kada ki ƙara komai sai abin da likita ya ba ki. Bayan fuskar ta lafa sai a shigo da magani, ɗaya bayan ɗaya, da tazarar mako 2 tsakani, don in wani ya ɓata maki ki san wanne ne. Kowane sabo ki fara gwada shi bayan kunne kwana 3.

Wanda na fi so wa irin fuskarki shi ne azelayik asid, kashi 10 zuwa 20, don yana taɓa ƙuraje da ja da tabo a lokaci guda kuma ba ya bilicin. Girman ƙwayar wake, da dare, ki fara da dare ɗaya ki tsallake biyu. Yana ɗan ƙaiƙayi na mintoci a farko. Niyasinamayid kashi 4 zuwa 5 yana rage ƙyalli da tabo a hankali, ba shi da faɗa. Salisilik asid kashi 2 yana buɗe ƙofofin da suka toshe, sau 2 ko 3 a mako. Benzoyil feroksayid kashi 2.5 yana kashe ƙwayoyin ƙurji mai ruwa, ƙaramin kashin yana aiki kusan kamar babban kuma ya fi sauƙin yaji, sai dai yana cinye launin tufafi, zai ɓata maki hijabi da rigar filo in ya taɓa. Adafalin kashi 0.1 yana da ƙarfi sosai a kan ƙuraje, amma mai ciki ko mai neman ciki ba ta taɓa shi, haka duk dangin retinol. Ba duka za ki saya ba, ɗaya ko biyu sun isa. Ƙuraje na ɗaukar mako 8 zuwa 12 kafin a ga bambanci na gaske, tabo kuma wata 3 zuwa 6, wani ya fi haka. Duk abin da ya yi maki alkawarin share tabo cikin mako guda, ki san da wani abu a cikinsa.

Ƙurajen goshi kuwa ki binciki kanki kafin kemis. Man kitso yana narkewa da zafi ya gangaro, hular ciki da bakin hijabi su riƙe shi da zufa suna gogar wuri ɗaya awa shida. Ki rage man a gaban kai, ki sa hular auduga, ki canza ta kullum, hijabin ma kada ya wuce sawa biyu ba a wanke ba, rigar filo sau biyu a mako. Na sha ganin goshi ya washe da wannan kaɗai. Matsa ƙurji kuma shi ke mayar da abin kwana biyar tabon wata biyar.

Kwalliyar kanta

Ga abin da ke narkar da taki: mai mai kauri a ƙasa, fandeshan fuska duka bisa man da bai gama shiga ba, hoda mai yawa a sama, sannan in ƙyalli ya fito a ƙara hoda bisa maiƙo. Zufa na fitowa ta ƙarƙashin wannan duka, dole ya zame. Maganin shi ne a rage, kuma a ba kowane shafi lokacinsa.

Bayan man kariyar rana ki jira minti 10, ki yi shirinki ki karya kumallo. Ki danna tishu sau ɗaya bisa goshi da hanci. Daga nan, maimakon fandeshan fuska duka, ki ɗauki konsila, wato man rufe tabo, mai launin fatarki daidai, ki ɗiga kan kowane tabo da ƙaramin buroshi ko kan yatsa, ki bar shi daƙiƙa 30 ya ɗan kama, sannan ki daddanna gefensa har ya ɓace cikin fata, tsakiyar kada ki taɓa. In tabon ya yi duhu har konsilar na komawa toka-toka a kansa, ki fara ɗiga ɗan mai gyara launi na ruwan lemo, kaɗan ƙwarai, ki ɗora konsilar bisa. Launin lemo yana kashe shuɗi-shuɗin baƙin tabo.

Ranar da kike son fandeshan, ki zaɓi marar mai wanda ba ya ƙyalli, matsa ɗaya ko girman ƙwayar wake. Ki fara daga tsakiyar fuska, gefen hanci, kumatu da haɓa, ki daddanna da soson kwalliya da aka jiƙa aka matse sosai, yana sirancewa zuwa gefe. Ki bar faɗin yatsa biyu daga inda bakin hijabi ke zama ba komai. Ba mai ganin wurin, kuma shi ke ɓata maki hijabi.

Launi shi ne inda kuɗin mata ke tafiya a banza. Kada ki gwada a bayan hannu, kada ki yanke hukunci ƙarƙashin fitilar shago. Ki ja layi uku a muƙamuƙi, ki fito waje ki jira minti 10, don fandeshan da yawa na ƙara duhu ko ja in ya haɗu da iska da maiƙo. Wanda ya ɓace tsakanin fuska da wuya shi ne naki. Mai haske fiye da ke ba ya sa ki haske, toka-toka yake sa ki, da zufa ta zo kuma duk layin da ta bi sai ya fito. Ke musamman, kada ki sayi mai tsada yanzu, launinki zai sauya in kin bar man haɗin. Ki jira wata 2 ko 3.

Hoda a goshi, hanci, saman leɓe da haɓa kaɗai. Ki ɗiba, ki kakkaɓe rarar a bayan hannu, ki danna. Mai launin fatarki ko mai ɗan rawaya, farar hoda tana fitowa fari fat bisa fatarmu. Gira: jagira ruwan ƙasa mai duhu ta fi baƙa kyau da rana, gajerun layuka bin kwanciyar gashi, ki cike giɓi kawai ki taje. Leɓe: ki zagaye da fensir ruwan ƙasa, ki cike da shi, ki ɗora ɗan man leɓe. Wannan ya fi jan baki mai bushewa daɗewa da kyau a iskarmu. Duk aikin minti 5 ne. Da ƙyalli ya fito wajen sha ɗaya, tishu za ki fara dannawa ki ɗauke maiƙon, sannan hoda kaɗan in da buƙata.

Alwala

A nan kina da sa'a, don kwalliyarki ba ta buƙatar wuce Azahar. Abin da malamai ke dubawa shi ne ko abin da aka shafa ya yi rufin da zai hana ruwa isa ga fata, hukuncin kowane iri kuma su za ki tambaya. A ɓangarena, kayan da aka rubuta ba sa jin ruwa an yi su ne don su kori ruwa, ba su dace da mai salla biyar ba, kuma cire su na buƙatar dirza. Kwalliya siririya ta fi maki ta kowace fuska. Dabbare-dabbaren da kike gani, ruwa ne ya ɗauke rabi ya bar rabi. Ki riƙa tafiya da ƙaramar kwalbar ruwan goge kwalliya da auduga: ki jiƙa, ki ɗora daƙiƙa 10, ki share, ki yi alwalarki bisa fata tsantsa. Bayan salla, in za ki hau babur ƙarfe biyu, ki sake shafa man kariyar rana, don na safe ya riga ya tafi kuma wannan ce rana mafi zafi da za ta same ki. Hoda kaɗan in kina so. Da dare kuwa, komai gajiya, ki goge sannan ki wanke.

Soso da buroshi ki wanke su da sabulu kowane mako, su bushe a iska, kada ki rufe soso jiƙaƙƙe a jaka. A jikin kaya akwai hoton 'yar roba buɗaɗɗiya da 6M ko 12M, watannin da abin ke yi bayan buɗewa ke nan. Maskara wata 3 ne. Abin da ya rabe ruwa daban, ko warinsa ya sauya, ki yar. In za ki saya, a Babbar Kasuwa ne ko a waya, ki duba lambar NAFDAC, ranar lalacewa da jerin sinadarai, ki guji kayan da aka shanya a rana da waɗanda aka ɗura a ƙananan robobi.

Da hunturu tsarin bai sauya ba, sai nauyinsa. Da safe ruwa kawai ko ɗan sabulu kaɗan, mai ya ƙara kauri, hoda ta koma hanci da goshi, magungunan ƙuraje a rage masu dare. Hazo ba ya hana rana aiki, man kariya yana nan. Leɓe basilin, kada ki lasa, miyau na ƙara busar da shi.

Kwalli da baƙin lalle

Ba ki tambaya ba, amma ba zan wuce ba. Na san matsayin kwalli a wurinmu. Matsalar ita ce dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a zuba a tandu, sau da yawa dalma ce mafi yawansa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan iyaye 'yan Najeriya a Boston da aka samu dalma a jininsa, aka gwada kwallin da ake sa masa aka tarar sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Don kullum ki yi amfani da gazal na kamfani mai rajista, kada ki yi aron tsinken kwalli, jarirai kuma a bar masu idonsu haka. Baƙin lalle mai kamawa cikin mintoci, yawanci dayis ne mai sinadarin PPD na rinin gashi, yana iya tayar da bororo ya bar tabon zanen, kuma wadda ya taɓa kamawa yakan riƙa kama ta har abada. Jan lalle na ganye ba shi da wannan. A gira kuwa, kusa da ido, kada dayis ya je ko kusa.

Inda shawarata ta tsaya

Aikina gyaran fata ne da kwalliya, rubuta magani na likita ne. Ki nemi sashen fata a babban asibiti, kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Banda maganar man haɗin, ki gaya masa in ƙurajen manya ne masu zurfi da ciwo ko suna barin rami, in na haɓa na zuwa tare da rikicewar al'ada da tsiron gashi a fuska, in duhun faffaɗa ne a kumatu biyu musamman bayan ciki ko maganin tazarar haihuwa, ko in akwai fari-fari mai ɗan garin ɓawo irin na kyasbi, don wannan maganinsa daban ne kuma sitiroyid na ƙara yaɗa shi. In kin shafa man a jiki duka, ki roƙa a auna maki jini da suga. Ki faɗi in kina da ciki ko kina shayarwa. Ki zuba duk abin da kike shafawa a leda ki tafi da shi, har sabulun, ki je fuska ba kwalliya.

Wajen kuɗi kuma, ki bi wannan jerin: ganin likita, man kariyar rana, sabulun fuska, mai, sannan konsila da hoda. Fandeshan shi ne na ƙarshe, in kuɗin sun ƙare kafin a kai gare shi ba ki rasa komai ba. Allah Ya ba ki lafiya.